Waƙa da Masu Ita

A shekarar 2006 aka fitar da littafin tarihin Alhaji Mamman Shata mai suna Shata Ikon Allah, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Mutum huɗu ne suka haɗu a kan aikin, biyu daga cikinsu kuwa 'yan kusurwa ɗaya ne a Jihar Katsina: Ibrahim Sheme, mutumin Sheme ta ƙaramar hukumar Faskari, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, ɗan ƙasar Sarkin Pauwa, wato Ƙanƙara. Daga baya shi Aliyun ya sake komawa kan Shata, ya fitar da Mahadi Mai Dogon Zamani. Mai garaje zai iya cewa wahalar ta yi yawa. Mawaƙin da muryarsa ke tashi a teburin kowane mai shayi, da cikin kowace motar haya daga Funtuwa zuwa Gusau, me ya rage a kansa da har sai an bi gari-gari ana tambayar tsofaffi? Ai ga kaset nan, a kunna mana.

Abin da ya rage ɗin kusan rabin waƙar ne. Kaset ya riƙe kalmomin, ya riƙe kalangu da tafi, amma bai riƙe ranar ba. Ba zai gaya maka ko wane ne mutumin da aka ambata ba, ko doki ya bayar ko mota, ko kuma alkawari ya yi bai cika ba. Ba zai gaya maka wanda aka yi wa habaicin da ya sa fili ya ɓarke da shewa ba, domin kowa a wurin ya san shi, saboda haka babu dalilin kama suna. Mawaƙin baka yana magana ne da mutanen da suka riga suka san rabin zancen. Idan waɗannan mutane suka ƙare, sai a bar mu da kalmomi masu daɗin ji waɗanda suka rasa abokan hira. Abin da marubutan tarihin suka bi ke nan: ragowar mutanen da suka san sauran rabin.

Mutanen farko da suka fi kowa sanin wannan rabi su ne waɗanda ke tsaye a bayan mawaƙi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana nazarin waƙar baka, ya tattara mana kalmomin da ake fayyace aikinsu da su: akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai ɗiyan da jagora ke saƙawa ɗaya bayan ɗaya. A gidan Musa Ɗanƙwairo ko na Narambaɗa, jagora kan ɗauko zance ya saki a tsakiya, yaransa su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari daga nasu. A gidan Shata kuwa amshin gajere ne, yawanci gindin ake maimaitawa, da tafi.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa ba zai ɗauka maimaicin nan aikin banza ne, abin da kowane yaro zai iya. To a lura da abin da ke faruwa a cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi. Jagora ya dire ɗa, 'yan amshi sun ɗauka. Shi yana shaƙar numfashi, idonsa na yawo cikin taro. Ya hango wani attajiri ya shigo, ya ga wani ya miƙe zai fita, sanƙira ya matso ya raɗa masa suna da garin mutum da sunan ubansa. Kafin amshi ya sauka, ya riga ya ɗinka sabon ɗa. Idan ɗan da ya wuce ya yi armashi, zai ji a muryar yaransa, don amshin zai dawo da zafi, mai kalangu zai ƙara matse tsarkiya. Idan ya yi lami, su ne za su fara sani, kuma amshinsu zai gaya masa ba tare da taro ya farga ba. Wato amshi hutu ne, kuma hukunci ne. Kowace kalma sai ta bi ta kunnen abokan tafiya kafin ta zauna.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, sai dai karin maganar ya yi shiru a kan yawan masu ita. Hajiya Barmani Choge, wadda ta rayu a Funtuwa ta kuma rasu a 2013, sunanta kaɗai aka rubuta a jikin kaset, amma cire matan da ke kiɗa mata ƙwarya suna amsawa, ka ga ko amada za ta tsaya da ƙafarta. Ko Ɗanmaraya Jos, wanda ya yi suna da waƙa shi kaɗai, bai rasa mai amsa masa ba. Ya mayar da aikin ne ga kuntiginsa, ya faɗa, kuntigi ya mayar. Mawaƙin Hausa bai saba magana cikin iska ba.

Da na'urar ɗaukar murya ta iso, ba ta rushe wannan tsari nan take ba, ta dai matse shi. Faifan garmaho na dā minti uku ko ɗan sama da haka yake ɗauka a kowane gefe, alhali mawaƙin kalangu bai ma gama gaishe da masu gida ba a cikin minti uku. Dole aka koyi datse waƙa, aka koyi zaɓen wanda za a ambata da wanda za a bari. Gidan Rediyon Kaduna, da ya fara aiki a 1962, ya ba da fili mafi faɗi, kuma ta nan mutumin ƙauye a ƙasar Faskari ya riƙa jin makaɗan Sakkwato da bai taɓa gani ba. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya ƙarasa aikin: ga arha, ga sa'a guda ko sa'a da rabi, ga shi kowa na iya kwafa. Masana ma suka shigo da nasu rikodojin. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975.

A duk wannan zamani abu ɗaya bai sauya ba: kowa na cikin ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya. Jagora, makaɗa da 'yan amshi suna kewaye da makirfo, a yi waƙa daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi tari, tarinsa ya shiga tarihi. Idan ɗan amshi ya makara da rabin numfashi, haka za mu ji shi har gobe. Shi ya sa tsofaffin kaset ke da wani irin ɗumi da ba na ingancin na'ura ba ne, domin na'urar ma ba ta da wani inganci. Ɗumin na mutane ne da ke sauraron juna.

Babban sauyi ya zo ne a Kano a shekarun 1990, tare da fim. Situdiyo irin na Iyan-Tama suka kawo fiyano ƙirar Yamaha, mai ɗauke da ganguna da sarewa da goge duk a cikinsa. Mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa. Bayan fim ɗin Sangaya ya karɓu a ƙarshen shekarun, kasuwar Ƙofar Wambai ta tabbatar wa kowa cewa waƙa ce ke sayar da fim, sai situdiyo suka yawaita, musamman a Titin Gidan Zu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan sauyi a rubuce-rubucensa. Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su Cubase da FL Studio, kuɗin buɗe situdiyo ya faɗi, har ya zama ɗaki ɗaya a Funtuwa ko Malumfashi ya isa. Dauda Kahutu Rarara, mutumin ƙasar Ɗanja, da wannan tsari ya tashi ya zama muryar siyasa da duk Arewa ta sani.

Mu leƙa irin wannan ɗaki. An manna soso ko kwalin ƙwai a bango don kashe amsa-kuwwa. Fanka a kashe take duk da zafi, domin makirfo ba ya yi wa kowa kara, ita ma zai ɗauka. An kai janareta bayan gida da doguwar waya. Mawaƙi ya zo da waƙarsa a rubuce cikin littafin makaranta ko cikin waya. Ya rera wa makaɗi kari, makaɗi ya lalubo shi a jikin fiyano, ya ɗora ganga, ya ɗora sarewa, ya jera kiɗan tun daga farko har ƙarshe. Sai a tura mawaƙi cikin ɗan akurkin ɗaukar murya, abin sauraro a kunne, babu kowa gabansa sai gilashi.

"Mutumina, sake wannan baitin. Ka haɗiye ƙarshen kalmar."

"Oga, ai ya fita."

"Bai fita ba. Ɗan ja baya kaɗan, kana hura makirfo. Mu je."

Haka za a yi ta yi, layi-layi, wani lokaci kalma-kalma. A ɗauki farkon baiti daga ɗauka ta biyu, ƙarshensa daga ta biyar, a haɗa su yadda kunne ba zai ji ɗinkin ba. Mai amshi kuwa sai gobe ko jibi za ta zo, wataƙila ba za su taɓa haɗuwa da mawaƙin ba. Za ta rera amshin sau ɗaya, a ninka muryarta ta zama kamar ta mata uku, sannan a kwafa a liƙa bayan kowane baiti.

A nan ne ma'ana ta yi asarar da ba a cika lura da ita ba. Amshin da aka liƙa iri ɗaya yake amsa baitin kuka da baitin dariya. Bai ji abin da aka faɗa ba, balle ya yi zafi ko sanyi. A fili, gindin waƙa ɗaya kan sauya launi sau ashirin a dare ɗaya, gwargwadon ɗan da ya gabace shi: yanzu yabo ne, an jima gatse, can gaba lallashi. Kalmomin ba su motsa ba, bakin da ke furta su ne ya ji wani abu. Makaɗan situdiyo masu kunne sun gane wannan, shi ya sa za ka ga wani ya dage sai mai amshi ta zauna ta ji baitocin tukuna, ta kuma rera amshin ƙarshe daban da na farko, ko da hakan zai ci man janareta.

Akwai wata matsalar da ta shafi Hausa ita kanta. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, da kuma tsawon wasali. Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar rayuwa, a rubuce kusan abu ɗaya ne, a baki ne suke rabuwa. Dalilin da ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum ke nan: yana bin hawa da saukar maganar. Mawaƙin gargajiya kan gina karinsa a kan wannan hawa da sauka, kiɗa ya biyo baya. A situdiyo an juya tsarin. Sau da yawa kari ne ke fara zuwa, wani lokaci an aro shi daga Indiya ko wani wuri, sai a nemo kalmomin da za a cusa. Sannan ga Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997, wadda ke jan kowace gaɓa zuwa sautin fiyano mafi kusa. Idan aka yi amfani da ita da hankali, takan rufa wa murya asiri. Idan aka ƙure ta, takan goge 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da Bahaushe ke gane zance da su. Duk wanda ya taɓa jin dattijo na cewa shi ba ya jin abin da yaran nan ke faɗa, kada ya yi saurin ɗora laifin a kan tsufa.

Bayan ɗauka sai haɗa sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira miksin: a ba kowace ganga da kowace murya mazauninta, kada wata ta danne wata. A waƙar Hausa dokar a bayyane take, murya ce a gaba, domin mai sauraronmu zance yake bi kafin rawa. Haruffan nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƙaramin motsi a maƙogwaro ake yin su, kuma su ne ke fara nutsewa idan kiɗa ya yi yawa. Daga nan sai mataki na ƙarshe, mastarin. Aikinsa kamar na masu bugun shadda ne: ba sa sake saƙa, ba sa sauya rini, sheƙi kawai suke fitarwa, kuma idan suka zarce sai yadi ya mutu. Mai wannan aiki yana daidaita ƙarfin waƙar gaba ɗaya, ya rage kaifin da ke soke kunne, ya matse tazarar da ke tsakanin wuri mai ƙarfi da wuri mai taushi domin waƙar ta fito ko'ina. Jarabar da ke cikinsa ita ce gasar ƙara. Kowa na son tasa ta fi ta maƙwabci amo, sai a yi ta matsawa har raɗa da ihu su zama tsayi ɗaya. Mawaƙin da ya sassauta murya don ya nuna kunya ko tsoro, an mayar da shi mai shela.

Mai gyaran da ya san kasuwarsa ba ya yarda da manyan lasifikokin ɗakinsa kaɗai. Yakan tura waƙar cikin ƙaramar waya mai maɓallai ya fita waje ya saurara, domin a nan za ta rayu: a aljihun manomi, a kan babur, a shagon mai caji. Ƙaramar waya ba ta fitar da amon babbar ganga ko kaɗan. Abin da ke tsira a cikinta shi ne murya, da kalmomin da aka furta sarai.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasar Pauwa da maƙwabtanta fiye da cikin Kano. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji sunan garin. Amma tun kafin nan, da kuma bayan nan, dare ya riga ya sauya hali a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Inda ake gudun taron dare, kiɗan dandali da wasan biki su ne ke fara ja da baya, kuma a can ne yaro kan koyi amshi kafin ya zama jagora. Saurayin da ke da waƙa a bakinsa yanzu ya fi samun mafita ta waya: ya rera kari ya tura wa abokinsa makaɗi a birni ta WhatsApp, a turo masa kiɗa, ya yi atisaye a ɗaki, ranar da hanya ta yi kyau ya shiga mota ya je ya ɗora murya. A Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku, aka ɗauki watanni. Wannan hanya ta toshe, amma waƙa ba ta tsaya ba, domin masu turi na nan da kwamfutocinsu da katin memori, waya kuma na ba waya ta Bluetooth da Xender ba tare da layi ba.

A irin wannan hali, aikin da 'yan amshi ke yi a dā ya koma kan abokai. Su ne ke zama a benci a ƙofar situdiyo, a kunna masu abin da aka ɗauka. Ɗaya ya ce, "Wannan kalmar ba a faɗinta a gaban surukai." Wani ya ce, "Wannan layin, mutanen wancan gari za su ɗauka da su kake." A wurin da kalma ɗaya ke iya jawo wa mutum baƙin da bai gayyata ba, wannan kunne ya fi kowace manhaja daraja. Aboki ne ke ba da layin da ya gagara, ya ara kuɗin mota, ya rera amshi kyauta, ya kuma iya cewa waƙar ba ta yi ba alhali mai situdiyo, da ke jiran cikon kuɗinsa, ya ce ta yi. Kwamfuta tana gane murya ta kauce wa sauti. Ba ta gane magana ta kauce wa mutunci.

Sai dai abota a wannan sana'a tana da ramin da take yawan faɗawa. A tsarin gargajiya, abin da aka samu a wasa akan zauna a raba, kowa da kasonsa gwargwadon matsayinsa. Ko da an yi ƙorafi, an san ana bin ka ko kana bi. A tsarin yanzu, makaɗi an biya shi kuɗin aiki an sallame shi, mai amshi haka, abokin da ya ba da layin da ya ɗaga waƙar kuwa ko a lissafi ba ya ciki. Idan waƙa ta mutu, babu rigima. Idan ta tashi, ɗan siyasa ya kira, aka fara maganar mota, sai a tuna cewa babu abin da aka rubuta. Yawancin ɓacin ran da ke raba mawaƙa da abokan tashinsu daga nan yake farawa, kuma suna ya fi kuɗi zafi a ciki.

Ga kuma yadda waƙa ke tafiya yanzu. Faifai yana da bango, kaset yana da takarda, ko ba komai akan rubuta wani abu. Waƙar da ke cikin waya ba ta da riga. Daga mai turi zuwa mai turi sunanta kan sauya, wani ya goge sunan mawaƙin ya sa na shagonsa, wani ya bar ta da lamba kawai. Abin da ba a rera a cikinta ba, ya ɓace. Saboda haka al'adar nan da wasu ke yi wa kallon cika baiti, inda mawaƙi kan tsaya kusa da ƙarshe ya gaida makaɗinsa, ya kira sunan situdiyo, ya ambaci mai amshi da wanda ya gyara sauti, ita ce kaɗai takardar shaida da ba a iya yagewa. Gadonta daga fili yake, inda jagora kan juya ya yi wa mai kalangunsa kirari a tsakiyar waƙar wani sarki.

Ina ganin ya kamata matasan mawaƙan wannan yanki su riƙe wannan al'ada da gangan, su ma faɗaɗa ta. A ambaci gari, a ambaci shekara idan kari ya ba da dama, a ambaci wanda ya ba da layi. Masu situdiyo kuma su riƙa ajiye muryoyin asali kafin a gyara, da ɗan littafin da ke nuna wa ya yi me, a wace rana, don wane dalili. Ba aiki ne mai tsada ba, bai fi kuɗin cajin waya ba. Rumbun kwamfuta kan mutu, shago kan tashi, mai gyara kan koma wata sana'a. Waƙoƙin da ake bugawa yau a kan gudun hijira, da gonakin da aka bari, da 'yan'uwan da ke hannun mutanen daji, nan da shekara talatin za a nemi sanin su wa suka yi su, da kuma su wa ake nufi. Wanda ya sa sunan abokinsa a baiti ya biya bashi, ya kuma rage wa mai tambaya tafiya.